Maiƙon Da Ke Saman Allo

Allunan kwamfuta biyu ne a kan kantar rajista ta asibitin, irin waɗanda ake dangwalawa da yatsa, kuma wuri ɗaya suke yin maiƙo: can sama ta hannun hagu, daidai faɗin yatsu uku. Sauran gilashin tas yake kamar yau aka cire shi daga leda. Darakta ya sha wucewa ta wurin, Akanta ya sha jingina da kantar yana kurɓar shayi, babu wanda ya taɓa lura. Mutum ɗaya ne ya san da maiƙon, shi ne kuma yake goge shi da hankici kowace safiya kafin kowa ya iso.

Ba-Komai ake ce masa. Sunan yankansa yana nan a katin aiki da yake ratayawa a wuya, amma katin kullum a juye yake, babu kuma wanda ya damu ya juyo shi. In ka taka masa ƙafa, ba komai. In ka ɗauke masa kujera yana shirin zama, ba komai. Wata rana wani maƙwabci ya ari babur ɗinsa ya dawo da shi babu madubi, shi ne ya ba maƙwabcin haƙuri saboda wahalar da birki ya ba shi a hanya.

Tun yana yaro haka yake. Babansa ya so ya zama likita, innarsa ta so ya zama malamin makaranta, shi kuwa ya ce wa kowannensu to. Da ya rasa yadda zai yi sai ya karanta kwamfuta, ya samu aiki a asibitin unguwa yana koya wa mutane inda za su danna. Baban yana gaya wa abokai ɗansa yana asibiti, innar tana gaya wa ƙawaye ɗanta yana koyarwa, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Falonsa ma launi biyu ne. Matarsa ta ce shuɗi, innarsa ta ce ruwan ƙwai, sai ya sa mai fenti ya raba bangon gida biyu. Baƙo in ya shigo yakan tsaya a bakin ƙofa yana tunanin ko ɗaki biyu aka haɗe.

Aikinsa shi ne tsara fom ɗin da ke cikin allunan nan. Mara lafiya zai zo kanta, a buga sunansa da shekarunsa, a tambaye shi abin da ya kawo shi, a sa alama. Daga nan ya wuce wurin likita, likita ya duba shi da kansa ya rubuta magani a kati. Fom ɗin ba ya ba kowa magani. Abin da yake yi kawai shi ne ya tara alamomin nan a rumbun bayanai, ƙarshen wata a fitar da rahoto mai launi-launi, a kai wa masu asibitin su ga irin ciwon da ke damun unguwa.

Lokacin da ya zo, fom ɗin da ya tarar abu ɗaya tak yake bari a zaɓa. A ranarsa ta farko ya ga wata tsohuwa da tari da zazzaɓi da jiri, ma'aikaciyar rajista tana ce mata, "Iya, ɗaya za ki ɗauka." Tsohuwar ta ce, "'Yar nan, ai ba ni na zaɓo su ba, tare suka zo." A makon nan ya rushe fom ɗin, ya sa ƙananan akwatuna guda goma, kowanne da sunan ciwo a gefensa, a dangwala duk wanda ya dace, ko biyu ko biyar. Wannan shi ne aikin da ya fi alfahari da shi a rayuwarsa. Fom ne irin halinsa sak: ba ya ce wa kowa a'a.

Matsalar ta fara ne ranar da Darakta ya leƙo ofishinsa riƙe da ƙugu.

"Ina ciwon baya a nan?"

"Yana cikin ciwon jiki, ranka ya daɗe."

"Ciwon baya ne ciwon jiki? Kai ka san ciwon baya kuwa? Ba shi akwatinsa."

"Ba komai, ranka ya daɗe."

To, akwatin Darakta ba zai zauna ƙarƙashin gudawa ba. Ba-Komai ya ɗora shi can sama. Da Akanta ya ji labari, shi da yake cin abincin rana a tsaye cikin gaggawa kamar ana binsa, sai ya zo da kumburin ciki. Aka ba shi na biyu. Matiron, shugabar nas-nas, wadda jikoki suka cika mata gida, ta kawo rashin barci. Na uku. Daga nan hanya ta buɗe. Mai ɗakin magani ya kawo nasa, mai ɗakin gwajin jini ya kawo uku, direban motar asibiti ya tsare shi a bakin get ya ce ba a yi wa masu ƙaiƙayin tafin ƙafa adalci ba. Ba-Komai yana karɓa yana jerawa, babba a sama, ƙarami a ƙasa, kamar yana zaunar da baƙi a wurin taro. Kafin shekara ta zagayo akwatunan sun haura hamsin. Sai ka ja allon, ka sake ja, ka sake ja, kafin ka ga ƙarshensu.

Mata biyu ne a kantar rajista, Doguwa da Mai Cingam. Layi yakan kai har bakin titi, fom ba ya ajiyuwa sai an sa alama ko da ɗaya ce, in ka ja allon kuma sai ya tsaya yana nazari. Doguwa ce ta fara gano dabara. Tana tambayar mutum me ke damunsa, yana ba ta labari tun daga ranar da ya dawo daga tafiya, ita kuwa yatsanta ya riga ya gama: tap, tap, ajiye. Mai Cingam ta koya a wurinta. Ai likita zai duba shi, in ji su, kuma gaskiyarsu.

Ta haka unguwar gaba ɗaya, a takarda, ta kamu da cututtukan manyan ma'aikata. Jarirai na fama da ciwon baya. 'Yan makaranta ba sa barci. Wani da ya faɗo daga tsani ya karya hannu, kumburin ciki aka rubuta masa. Ba-Komai yana fitar da rahoton duk wata, ya zaɓa masa launi mai kyau, ya kai. Darakta yakan duba dogon sandan nan na ciwon baya ya gyaɗa kai cikin tausayi, irin na wanda ya daɗe yana faɗa ba a yarda ba.

Mutum ɗaya ce a asibitin ba ta taɓa zuwa neman akwati ba. Sista ce, mai kula da ɗakin numfashi da ke ƙarshen baranda, inda ake kawo yara masu asma a sa musu abin rufe hanci su shaƙi tururin magani har ƙirji ya saki. Gado biyu ne a ɗakin, da injin da ke gurnani, da hoton kifi da wani yaro ya zana aka manna a bango. Akwatin wahalar numfashi yana cikin goman farko, amma da yake babu babban da ya tsaya masa, kowane sabon akwati sai ya tura shi ƙasa, har ya koma na ƙarshe, ƙarƙashin ƙaiƙayin tafin ƙafa.

Ba-Komai ya san ɗakin sarai. Autarsa tana da asma. Duk sanda aka yi ruwa garin ya yi sanyi, ko maƙwabci ya tayar da janareta hayaƙi ya shigo ta taga, sai ya ɗauko ta a babur ƙirjinta yana busa kamar usur. Ya san wane gado ne ba ya ƙara, ya san Sista tana ajiye alewa a aljihun hagu.

A taron ma'aikata na farkon wata Darakta ya miƙe a hankali, hannu a ƙugu, ya ce lissafi ba ya ƙarya. Mutum bakwai cikin goma baya ke damunsu, masu numfashi kuwa sai ka sa tabarau kafin ka ga sandansu. Saboda haka za a mayar da ɗakin ƙarshen baranda ɗakin gashin baya. Yara masu asma su tafi babban asibiti, can ƙetaren gari. Masu asibitin sun ce a kawo musu rahoton wata ɗaya kawai su sa hannu. Kafin nan kuma, ya sa an buga manyan takardu masu hoton wani mutum yana durƙusawa ya ɗauki kwali, za a manna su ko'ina don wayar da kan jama'a.

Aka yi tafi. Ba-Komai ma ya tafa, don hannuwansa sun saba. Sista ba ta tafa ba. Ta dai juyo ta dube shi, kallon da take yi wa uban da ya ce shi ba ya shan taba a ɗaki.

Da ya gaya wa matarsa, tana guga, ba ta ko ɗago kai ba.

"To ai sai ka fara koya wa Auta ciwon baya tun yanzu, ko ta samu gado."

"Haba, maman yara."

"Ba haba. Ƙetaren gari fa, Malam. Ka taɓa tuƙa babur da yarinya tana shiɗewa a bayanka a cikin cunkoson nan? Je ka gaya masa lissafin ƙarya ne."

"Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Akwai masu ciwon bayan."

"Akwai. Ɗaya ne, kuma shi ke da ofis mai sanyi."

Washegari ya yi niyya. Ya sa rigarsa mai kyau, ya tsara maganar tun a hanya, ya ƙwanƙwasa ƙofar Darakta. Ya fito bayan wani ɗan lokaci ya gyara masa firinta, ya ɗaga masa kujera, ya kuma yaba hoton mutumin da ke ɗaukar kwali. Maganar tana nan a bakinsa yadda ya shiga da ita.

Ya koma ofishinsa, ɗan ɗakin da ke bayan ɗakin magani, mai fanka da ke juyawa gefe ɗaya kawai. Ya buɗe fom ɗin. Abu ne mai sauƙi: ya kama akwatin Sista ya ja shi sama ya sake. Ya kama shi. Ya haura da shi kan direba, kan mai gwajin jini, kan mai magani. Da ya iso ƙarƙashin Matiron sai ya tsaya. Darakta bai sake buɗe fom ɗin ba tun ranar da ya ga akwatinsa a sama, amma Matiron tana wucewa ta kanta, Akanta kuma a can yake shan shayi. Wa zai ce musu an sauke su? Ya mayar da akwatin inda ya ɗauko shi, a hankali, kamar kada ya tashi daga barci.

Ranar Asabar yana zaune a ɓangaren ruwan ƙwai na falonsa, yaran uku suna rigima a kan wanda zai zauna gaban fanka. Babban ya ce shi ne babba. Auta ta ce ita ce mara lafiya. Na tsakiya, da ba shi da hujja, ya riga ya zauna. Uwarsu ta fito daga kicin, ta danna ɗan maɓallin da ke ƙeyar fankar, fankar ta shiga juya kai hagu da dama.

"Ga shi nan. Kowa ya samu, kowa ya rasa. Wanda bai gamsu ba ya kai ƙarar fanka."

Ba-Komai ya daɗe yana kallon fankar.

Ranar Litinin, kafin a buɗe kanta, ya ƙara wa fom ɗin 'yan layuka. Bai cire akwatin kowa ba, bai sauke kowa ba. Ya dai sa duk lokacin da aka buɗe wa sabon mara lafiya, akwatunan su cakuɗe, wanda ya zo sama ya zo.

Kafin azahar Doguwa ta aiko a kira shi.

"Ba-Komai, zo ka ga abinka ya haukace. Ina ciwon baya ya tafi?"

"Yana nan, Anti. Yawo yake yi."

"Yawo? Da izinin wa?"

"Sabon tsari ne ya zo."

"Daga ina?"

Ya nuna sama da yatsa, wajen silin. Doguwa ta bi yatsan da kallo, ta ga babu kowa sai gizo-gizo, ta ja tsaki ta ci gaba da tap, tap, ajiye. A ranar ta rubuta wa wani dattijo mai furfura laulayin ciki. Dattijon ya iya karatu, ya kuma leƙa allon. Maganar ta kai gaban Matiron, wadda ta zo da niyyar faɗa, sai ta tarar rashin barci ne a sama a daidai lokacin, har sama da na Darakta. Ta yi gyaran murya ta ce tsarin bai da laifi, 'yan rajista ne ba sa karatu.

Mai Cingam ta tsorata ta fara karantawa. Tana ja tana nema tana mita, layinta ya ƙara tsawo, ta daina gaishe shi. Doguwa kuwa ta ce ita ba a ɗauke ta aikin farauta ba. Ta dai koyi duba fuskar mutum kafin ta dangwala, don kada ta sake ba namiji ciki.

Ƙarshen wata ya fitar da rahoto ya zauna yana kallonsa. Dogon sandan nan ya rushe. Kowane ciwo ya samu ɗan rabonsa, har ƙaiƙayin tafin ƙafa ya ɗaga kai. Tari da zazzaɓi da wahalar numfashi sun ɗan fi sauran tsawo, albarkacin mitar Mai Cingam. Ciwon baya yana can tsakiya cikin talakawa.

A ɗakin taro aka haska shi a bango. Darakta ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ana jin injin Sista yana gurnani daga ƙarshen baranda.

"Kai," Darakta ya ce wa Ba-Komai, "kwamfutarka ta lalace ne? In kuskure ne ka faɗa, mu kai wa masu asibitin na watan jiya."

Kowa ya juyo. Ga hanya a buɗe, irin wadda ya saba bi: ya ce wataƙila kuskure ne, a yi haƙuri, ba komai. Bakinsa har ya fara haɗa kalmar. Ya dubi tebur, ya dubi hannunsa.

"Ba kuskure ba ne, ranka ya daɗe. Wannan ne na watan nan."

Muryar ta fito siririya kamar ta aro, amma ta fito. Darakta ya zuba masa ido.

"To ina masu ciwon bayan suka shiga? Ƙasa ta haɗiye su?"

Akanta ne ya ceci Ba-Komai, ba don Allah ba, don dai ba ya iya ganin damar yabo ta wuce shi.

"Ranka ya daɗe, yaushe aka manna takardun nan naka?"

"Farkon wata."

"To ai ga shi nan."

Fuskar Darakta ta fara sakewa daga goshi. Ya sake duban bangon, wannan karon kamar mai duba gonarsa. Matiron ta ce ita ma ta ga wata mata a kasuwa ta durƙusa kafin ta ɗauki buhu. Mai magani ya ce abin a rubuta ne. Darakta ya ɗaga hannu cikin tawali'u ya ce aikin kowa ne, ba nasa shi kaɗai ba. Tun da an shawo kan matsalar ta hanyar ilimi, babu buƙatar ɗakin gashi. Kuɗin a ƙara buga takardu da su, manya, masu launi.

Aka yi tafi mai ƙarfi. Ɗakin ƙarshen baranda ya tsira, ba tare da an ko ambaci sunansa ba.

Sista ta tsare shi a baranda, hannu a aljihu.

"Na ji an warkar da unguwa."

"Haka aka ce, Sista."

"Da ƙaryar a wuri ɗaya take, yanzu ka raba ta kowa ya samu. Adalci ke nan."

"Rabi gaskiya ne. Na Mai Cingam."

"Rabi." Ta jinjina kai. "Malam, akwati hamsin. Wa zai karanta akwati hamsin da layi a gabansa? Goma ka fara da su, ina nan."

"Zan duba."

"Ka duba. Ka gaya wa maman Auta ta daina shanya mata kaya kusa da janaretan nan." Ta ciro alewa ɗaya ta miƙa masa. "Ba taka ba ce."

Bai daɗe da zama ba sakatariyar Darakta ta turo ƙofa, ba ta shigo ba, kanta kawai ta leƙo.

"Oga ya ce gwiwarsa ta fara damunsa. A sa ciwon gwiwa. A sama, ya ce, kuma ya zauna a nan, ya ji an ce yanzu suna yawo."

Ba-Komai ya dubi allon. Fankarsa tana ta busa wa bango iska.

"Zan sa shi. Amma saman nan, na'urar ba ta yarda."

"Ba ta yarda? Ba kai ne ubanta ba?"

"Ta girma, Anti. Ba ta jin magana."

Sakatariya ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa, ta ce to ita dai za ta faɗa yadda ya faɗa, ta ja ƙofar. Ya zauna yana jiran a aiko kiransa. Ba a aiko ba. Ya ƙara ciwon gwiwa cikin sauran. Ya daɗe da yatsa a kan ƙaiƙayin tafin ƙafa yana tunanin cire shi, ya tuna direban yana da yawan fushi, ya bar shi sai gobe.

Da aka tashi ya biyo ta kantar rajista, babu kowa sai mai shara. Allon Doguwa yana nan yadda yake, maiƙo a sama ta hagu. Na Mai Cingam kuwa wani dogon sawu ne ya ratsa tsakiyarsa daga ƙasa zuwa sama, ga ɗige-ɗige a warwatse. Ya ciro hankici, ya hura wa gilashin iska, ya goge na Doguwa, ya goge na Mai Cingam. Ya ninke hankicin ya sa a aljihun da alewar take, ya fita neman inda ya ajiye babur.